Daga Rumbun Zakka Zuwa Katin Banki: Tallafi, Aiki da Aure a Ƙasar Karaye

Duk lokacin da gwamnati ta fito da wani sabon tsari na taimakon talakawa, akan ji maganganu iri biyu a majalisun hira, daga Yammedi har Zarewa. Wasu su ce za a lalata mutane, a koya musu zaman kashe wando da jiran a ba su. Wasu kuma su ce ai abin da ake bayarwar bai kai ya hana kowa zuwa gona ba. Wannan gardama ta girme mu duka, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ake yin ta ba. A wannan maƙala muna so mu waiwaya baya mu ga yadda hanyoyin tallafa wa mai rauni suka yi ta sauyawa a yankinmu na Karaye da Rogo cikin shekara ɗari da ashirin, da abin da kowane sauyi ya yi wa aikin mutane da aurensu. Muna ganin marubutanmu, musamman masu tasowa, suna da buƙatar sanin wannan, domin yawancin labaran da suke rubutawa a kan aure da saki suke, alhali abin da yake riƙe da auren ta ƙarƙashin ƙasa, wato abinci da sana'a, ba kasafai suke leƙa shi ba.

Kafin zuwan Turawa, babu wani ofis da ake kira na jin daɗin jama'a, amma akwai tsari. Gishiƙinsa na farko shi ne zakka. Manomin da hatsinsa ya kai nisabi yakan fitar da ɗaya cikin goma idan ruwan sama ne ya shayar da shi, ko rabin haka idan ban-ruwa ya yi. A ƙarƙashin daular Sakkwato hukuma ce take karɓar zakkar hatsi ta hannun dagatai da masu unguwanni, a zuba a rumbuna. Ba za mu yaudari kanmu mu ce duk damin da aka karɓa yana isa ga miskini ba, domin sarakuna da barorinsu ma suna ci a ciki. Amma dai hatsi ne, ana iya ganin sa da ido, kuma yana nan kusa idan shekara ta ɓaci. Bayan zakka akwai fid-da-kai, da sadakar Juma'a, da kala da mata da yara suke yi a gonar da aka girbe, da gayya, da biki tsakanin mata, wanda a zahiri bashi ne da ake biya da ninki ranar da naki sha'anin ya zo.

Gishiƙi na biyu, wanda a ganinmu ya fi na farko ƙarfi, shi ne gandu. 'Ya'ya da ƙanne suna noma babbar gona a ƙarƙashin maigida, shi kuma ya ɗauki nauyin ciyar da su da iyalinsu, ya ba su gayauna su noma wa kansu, ya biya musu abin da hukuma ta aza, sannan ya yi musu auren fari. A nan ne za a ga yadda aiki da aure da tallafi suke a ƙulle wuri guda. Saurayi ba ya tara kuɗin aure. Guminsa a gandu shi ne kuɗin aurensa. Tsoho ba ya jiran fansho. 'Ya'yan da ya aurar su ne fanshonsa. Macen da aka saka kuwa tana komawa gidan da akwai rumbu, ta yi idda, ta yi zawarci na ɗan lokaci, ta sake aure.

Mun yi sa'a akwai shaida daga bakin 'yar yankinmu. Baba ta Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta a Giwa tsakanin 1949 da 1950, aka buga littafin a 1954, a Karo ta tashi, kusa da Zarewa, cikin ƙasar Rogo ta yanzu. Duk marubucin da bai karanta wannan littafi ba ya yi wa kansa asara. A cikinsa za a ga wani abu da ba mu cika son faɗa ba, wato yawancin wadatar manyan gidaje na wancan zamani a kan bayi ta tsaya. Gidansu Baba suna da rinji, bayi ne suke noma, matan gida kuma suna kaɗi da sauran sana'o'in cikin gida. Yankin nan ya shahara da marina, Karaye da Rogo da Zarewa da Beli da Fulatan duk an san su da rini, kuma zaren da matan nan suke kaɗawa shi ne tushen wannan arziki.

Gyara na farko da ya girgiza wannan tsari shi ne na bauta. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk ɗan da aka haifa daga Afrilun wannan shekara ɗa ne, ba bawa ba, sannan bayan cin Kano a 1903 aka rufe kasuwannin bayi, aka buɗe hanyar fansar kai, har aka soke bautar gaba ɗaya a 1936. Bayi da yawa suka watse, masu rinji suka koma riƙe fartanya da hannunsu. Abin mamakin shi ne abin da ya biyo baya a fagen aure. Mijin Mary Smith, wato M. G. Smith, ya lura cewa matan da suka fita daga bauta sun ƙi komawa noma da ɗebo itace, domin a idonsu wannan aikin kuyangi ne, sai suka zaɓi zaman cikin gida irin na 'ya'ya mata. Ta haka kulle, wanda a da aka fi sanin sa a gidajen malamai da sarakuna da attajirai, ya yi ta yaɗuwa cikin ƙauyuka. Turawan da suka yi dokar ba su yi nufin haka ba, ba su ma yi tsammanin sa ba.

Gyara na biyu shi ne na haraji. A shekarun farko na mulkinsu Turawa suka tattara kuɗin ƙasa da zakka da sauran ƙananan kuɗaɗe suka mai da su haraji guda, wanda ake biya da tsabar kuɗi, ana kai shi Baitulmali. Sunan Baitulmali na Musulunci ne, amma aikinsa biyan albashin sarakuna da ma'aikatan En'e da kason gwamnati. Rumbun da yake kusa da talaka ya koma lissafi a littafin ma'aji a birni. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, manoma suka rage gonar dawa suka ƙara ta gyaɗa don su sami abin biyan haraji. Sai ga fari a 1913, ga yunwar 1914 da ake kira Kakalaba, wadda ta hallaka dubban mutane a ƙasar Kano. Masanin nan Michael Watts, a littafin da ya buga a 1983 kan yunwa a Arewa, ya nuna cewa fari ba baƙo ba ne a ƙasar nan, abin da yake baƙo shi ne a tarar da rumbuna wayam ga kuma mai karɓar haraji a bakin ƙofa.

Duk da wannan zalunci, haraji ya yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba, wato ya ƙara ɗaure ɗa ga ubansa. Baligi ba shi da mafita daga haraji, kuma a al'adar gandu uba ne yake biya masa. Polly Hill, wadda ta yi bincike a Batagarawa ta Katsina da Dorayi ta Kano, ta lissafa biyan haraji da kuɗin aure cikin manyan haƙƙoƙin ɗa a kan uba a gandu, ta kuma nuna cewa gandun mai hali ne yake ɗorewa, na matalauci da wuri yake watsewa, domin ba shi da abin riƙe 'ya'yan. Saboda haka da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, talakawa sun yi murna, kuma sun yi gaskiya da suka yi murnar, domin an sha ɗaure mutane a rana, an sha sayar da akuyar gida da damin iri saboda haraji. Amma a fahimtarmu, wata igiya ce daga igiyoyin gandu ta tsinke a ranar. Ba mu ce ita ce ta kashe shi ba. Farin 1972 zuwa 1974, da cutar da ta cinye gyaɗa a 1975, da kuɗin man fetur da suka ja samari zuwa birni, da makarantun UPE na 1976, da rabon gado da yake ta tsaga gonaki, duk sun riga sun raunana shi. Abin da ya tabbata shi ne, daga wannan zamani saurayi ya fara neman kuɗin aurensa da kansa, ta hanyar cin rani ko leburanci, daga baya kuma acaɓa, sannan ya zama yana ganin ba ya bin kowa, kowa ba ya bin sa. Auren da mutum ya ɗaura da guminsa shi kaɗai, ba ya jin nauyin kowa in zai kwance shi.

Daga 1986, da aka shigo da tsarin SAP, aka karya darajar naira, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, sai gwamnatoci suka shiga fito da shirye-shiryen rage raɗaɗi ɗaya bayan ɗaya: DFRRI da NDE, da shirin Better Life na Maryam Babangida a 1987, da Bankin Al'umma na People's Bank a 1989, da Family Support na Maryam Abacha a 1994, da FEAP a 1997, da NAPEP a 2001. Ba za mu ɓata takarda a kansu ba. Kowanne ya zo da allon suna da keken ɗinki da injin markaɗe, kowanne ya tafi tare da wanda ya kawo shi. Manomin Rogo bai taɓa ɗaukar ɗayansu a matsayin abin dogaro ba. Tallafin da ya sani shi ne rangwamen takin zamani, wanda ake sayarwa ta hannun KNARDA da KASCO, kuma da gwamnatin tarayya ta janye rangwamen a 1997 an ji a jiki fiye da mutuwar duk waɗancan shirye-shirye. A Karaye kuwa, madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992 ta cinye gonaki da matsugunai, ta kuma buɗe wa wasu kamun kifi da noman rani, kuma wannan ma ya sauya aikin mutane fiye da yadda wani ofishin tallafi ya taɓa yi.

Bari mu ɗan leƙa waje, don kada a zaci mu kaɗai ne a cikin wannan rigima. A Ingila, dokar matalauta ta 1834 ta ce mai lafiyar da yake son taimako sai ya shiga gidan aiki, inda ake raba miji da mata, aka kuma tsananta zaman da gangan don kada kowa ya yi sha'awarsa. A Amurka, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka a watan Agustan 1996 wadda ta rushe tsarin tallafin iyaye mata marasa miji da aka kafa tun 1935. Sabuwar dokar ta ce sai an yi aiki za a ci gaba da karɓa, kuma ba a wuce shekara biyar ana karɓar kuɗin tarayya a tsawon rai. Cikin manufofinta har da ƙarfafa aure. Sakamakon da aka gani shi ne, masu karɓar tallafin sun ragu da fiye da rabi cikin 'yan shekaru, mata da yawa sun shiga aiki, ko da yake lokacin ya dace da bunƙasar tattalin arzikinsu, amma ta fuskar aure ba a ga wani canjin a-zo-a-gani ba. Hana kuɗi ya iya tura mace wurin aiki, bai iya samo mata miji ba.

Kano ta bi ta ɗaya gefen. Maimakon ta hana kuɗi don a yi aure, sai ta ba da kuɗi don a yi shi. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi da Hukumar Hisba a 2003. Dawo da zakka hannun hukuma yunƙuri ne na gyara ɓarnar da aka yi shekara ɗari da suka wuce, sai dai bayarwar ba tilas ba ce, kuma yawancin manoma da attajirai sun gwammace su raba da hannunsu ga waɗanda suka sani, don haka abin da hukumar take tarawa bai taɓa kusantar girman buƙatar ba. A farkon 2009 wata ƙungiyar zawarawa da marayu ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya zanga-zanga kan yawan saki, Hisba ta hana. Amma maganar ta riga ta fito fili. A watan Mayun 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Hisba ƙarƙashin Sheikh Aminu Ibrahim Daurawa ta ɗaura auren zawarawa 100 a karon farko. Aka ci gaba rukuni-rukuni har aka yi na mutum 1,111 a ƙarshen 2013. Gwamnatin Ganduje ta yi nata, sannan a watan Oktoban 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da mata 1,800, zawarawa da 'yan mata, daga ƙananan hukumomi 44, aka biya wa kowace sadakin naira 50,000, da gado da katifa da kayan abinci, da jarin naira 20,000.

Idan aka duba da kyau, abin da gwamnati ta yi a nan shi ne ta hau kujerar maigidan gandu da ta uban amarya a lokaci guda. Ta biya sadakin da uban ango ya kamata ya biya, ta yi kayan ɗakin da yake karya uban amarya, ta yi gara. Har ma ta ɗauki matsayin dattijon gida, domin cikin sharuɗɗan akwai gwajin lafiya kafin aure, da bincike kan sana'ar ango, da alƙawarin ba zai yi saki ba sai an koma gaban Hisba. Mu muna ganin wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi daraja a duk shirin, ya fi gadon da katifar, domin ya maido da idon jama'a a kan auren da ya zama na mutum biyu kawai. Masu suka suna cewa an magance ranar biki an bar sauran kwanakin shekara, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Maigidan gandu bayan ya yi wa ɗansa aure yana ba shi gona da dami; gwamnati tana ba da gado ta tafi. Jarin naira 20,000 a ƙarshen 2023, wata biyar bayan janye tallafin fetur, bai sayi buhun masara guda ba. Sannan mutum 1,800 in aka raba su ga ƙananan hukumomi 44, abin da zai faɗo wa Karaye ko Rogo 'yan gomomi ne, a yankin da kowace mazaɓa take da zawarawan da suka fi haka.

A nan za mu yi wa 'yan'uwa marubuta tuni da littafin Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, Alhaki Kuykuyo Ne, na 1990. Abin da ya tsamo Rabi bayan mijinta ya kore ta da 'ya'ya tara ba sabon miji ba ne, ba kuma hukuma ba ce, sana'ar sayar da abinci ce. Marubuciyar ta gane abin da masu tsara manufofi suka daɗe ba su gane ba, cewa matar Bahaushe da take cikin kulle ba zaune take ba. Tana ƙuli-ƙuli, tana daddawa, tana kiwo, tana adashi, 'yarta tana yi mata talla. Duk wanda ya ce zai "koya mata aiki" bai san gidan ba.

Wannan ya kawo mu ga shirin tarayya na 2016. Gwamnatin Buhari ta fito da N-Power, inda ake ba matasa masu takardar shaida naira 30,000 a wata su koyar a firamare ko su yi aikin lafiya da na gona, da ciyar da 'yan firamare, da kuma ba gidajen matalauta naira 5,000 a wata, ana biya naira 10,000 duk wata biyu, akasari a hannun uwar gida. An zuba wa wannan na ƙarshe rancen Bankin Duniya da dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su. Dabarar miƙa kuɗin ga mace an aro ta ne daga Meziko da Barazil. Naira 5,000 ba ta hana kowa noma ba, kuma masu cewa za ta haifar da lalaci ba su lissafa ba, domin ko a lokacin ba ta ciyar da gida mako biyu. Abin da muka gani a ƙauyukanmu shi ne, kuɗin sukan shiga adashi, su fito su zama tunkiya ko jarin ƙosai ko kwanukan 'yar da za a aurar. Wato tallafin gwamnati ya bi tsohuwar hanyar biki da adashi, ya ƙare a kayan ɗaki. A wasu gidajen kuma ya jawo rikici, in maigida ya ga ba ta hannunsa abin ya biyo ba, ko in sunan uwargida ya fito na amarya bai fito ba.

N-Power kuwa mu malaman makaranta mun ga amfaninsa da idonmu, don akwai makarantun da in ba waɗannan matasa ba da babu mai shiga aji. Da yawansu sun yi aure a kan wannan naira 30,000, iyayen 'yan mata suka ɗauke su ma'aikatan gwamnati. A tsakiyar 2020 aka sallami rukuni na farko da na biyu, ga mata ga goyo. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin fetur, aka yi alƙawarin naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15, sannan a Janairun 2024 aka dakatar da shirye-shiryen na wani lokaci saboda zargin almundahana a ma'aikatar da take kula da su. Da aka dawo da biyan, sai aka ce ta asusun banki ko na waya za a riƙa turawa, bayan an tantance mutum da lambar NIN. An yi haka ne don toshe sunayen bogi, kuma dalili ne mai kyau. Sai dai tsohuwar da take Yammedi ko Ruwan Bago, wadda ba ta da waya, ba ta da kati, sai ta biya kuɗin mota zuwa Karaye ko Rogo ko ma Gwarzo ta yi rajista, in kuɗin sun shigo kuma ɗanta ko jikanta ne zai riƙe katin ya je wurin mai POS, shi ma ya cire ladansa kafin abin da ya saura ya iso hannunta.